Bishop Samuel Ajayi Crowther: Dattijon da Ya Ƙi Raba Ekklesiya

An haifi Ajayi a garin Osogun da ke ƙasar Yarbawa wajen shekarar 1809. Yana ɗan yaro mahara suka kama shi a 1821, aka sayar da shi bawa. A shekarar 1822 jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin da ya ɗauko shi, aka sauke shi a Saliyo. A can aka yi masa baftisma a 1825, ya kuma kasance cikin ɗaliban farko na Kwalejin Fourah Bay a 1827.

Ya yi tafiya a kogin Kwara a 1841 da 1854, sannan a 1857 ya kafa aikin bishara a Anacha. Daga baya aikin ya kai Lakwaja, inda ya yi zaman mutunci da Etsu Masaba na Bida da sauran Musulmi. Ranar 29 ga Yuni, 1864, aka naɗa shi bishop a Canterbury, baƙar fata na farko da ya sami wannan muƙami a ɗarikar Angalika.

Jarrabawa mafi tsanani ta same shi ne bayan ya tsufa. Wasu samarin Turawan mishan na ƙungiyar CMS suka zo da zafin kai, suka tuhumi fastocin Afirka da ke ƙarƙashinsa da rashin ɗa'a. A taron da aka yi a Anacha a 1890, aka dakatar da wasu daga cikinsu a gaban idonsa, har da ɗansa Dandeson. Dattijon ya nuna rashin amincewarsa, ya sauka daga shugabancin kwamitin, amma bai fice daga ekklesiyarsa ba.

Lokacin zukata sun yi zafi ƙwarai. A 1891 wasu Kiristocin Legas suka ɓalle suka kafa ekklesiyarsu ta kansu. Da Crowther ya ga dama, da jama'a masu yawa sun bi shi. Sai ya goyi bayan shirin da zai ba majami'un bakin teku damar riƙe kansu da kuɗinsu, ba tare da sun yanke zumunci da ɗarikar ba. Ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba, 1891, bayan ciwon shanyewar jiki. Shirin ya tabbata a 1892 a hannun Dandeson, daga bisani kuma aka sasanta da CMS.

'Yan uwa mazauna birane, babba juji ne. Marigayin bai yi shiru a kan zalunci ba, bai kuma bari ɓacin ransa ya tsaga bangon da kadangare zai shiga ba. Duk mai riƙe da amanar jama'a yana da abin koyi a nan.