Likita Stirrett, Bature Mai Magani

A cikin wannan biki na jubili ya kamata mu tuna da waɗanda suka share mana hanya. Ɗaya daga cikinsu shi ne Likita Andrew Stirrett, wanda Hausawa suka sa wa suna Bature Mai Magani.

An haife shi a ƙasar Kanada a shekara ta 1865. Da ya girma sai ya zama mai haɗa magani a birnin Toronto, yana kuma koyon aikin likita. Amma da ya ji labarin ƙasashen Hausa, inda mutane da yawa ba su ji Bishara ba, ba su kuwa da likita, zuciyarsa ba ta ba shi hutu ba. Ya bar cinikinsa, ya ba mishan na SIM dukiyarsa, ya shiga jirgin ruwa a 1902. Ya sauka Pategi, a bakin kogin Kwara.

Tafiyar nan ba ta wasa ba ce. Daga cikin samari uku da suka fara wannan aiki a 1893, biyu sun rasu a 1894, wato Walter Gowans da Thomas Kent. A zamanin nan zazzaɓin cizon sauro yana kashe baƙi ƙwarai. Likita Stirrett ya nace wa abokan aikinsa su riƙa shan kwinin kowace rana, da haka Allah ya tsawanta ran da yawa daga cikinsu.

Ya kuma lura da wahalar mutanen ƙauye. Mai gyambo, ko mai ciwon ido, ko macen da naƙuda ta yi wa tsanani, sai a yi ta tafiya da su a kan jaki, wani ma ya cika a hanya. Likita ɗaya ba ya iya kai kowane gari. Saboda haka ya rubuta littafi a kan cututtukan Afirka ta Yamma da maganinsu, domin ma'aikacin mishan da ke zaune nesa da asibiti ya san abin da zai yi wa marar lafiya.

Bai raba maganin jiki da na ruhu ba. Ya ƙware da Hausa, yana wa'azi a kasuwa, yana kuwa cikin waɗanda suka juya Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka buga a 1932. Bai taɓa yin aure ba. Ya rasu a Jos a 1948.

Mu a nan Nijar mun ci amfanin irin da ya shuka. Mishan ta zauna Damagaram a 1924. Shekara biyu bayan rasuwarsa, a 1950, aka buɗe asibitin Galmi, a ƙaramin gari, inda talakawa suke.

'Yan'uwa, aikin bai ƙare ba. Har yanzu akwai ƙauyukan da ake ɗauko marar lafiya a amalanke, a yi tafiya mai nisa kafin a sami mai duba shi. Wa zai je musu? Bari ekklesiyoyinmu su sa 'ya'yansu koyon aikin likita da na ungozoma, su kuma tallafe su don su yarda su zauna a karkara. Ubangiji ya tashe mana waɗansu irin bawansa Stirrett daga cikinmu. Amin.