Abdou Moumouni Dioffo: malamin da ya so rana ta yi mana aiki

Jama'a, duk gidan da ɗansa ya ci jarrabawar bak ya tafi babbar makarantar Yamai ya san sunan Abdou Moumouni, domin shi ne sunan jami'ar. Sai dai da yawa cikinmu sunan kawai muka sani. A shirinmu na tuna magabata, yau mun kawo muku tarihinsa, ku da ke gida da 'yan uwanmu da ke ci-rani.

An haifi Abdou Moumouni Dioffo ranar 26 ga watan Yuni na 1929 a Tasawa, lokacin mulkin Faransa. Ya fara lakkol a Damagaram, ya ci gaba a Yamai, daga nan ya wuce makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, inda Turawa ke horar da malamai da ma'aikatan da za su taimaka musu. Yawancin ɗalibai a nan karatunsu yake tsayawa. Shi kam bai tsaya ba, sai da ya kai Paris ya karanta fizik, wato ilimin da ke bincike kan zafi da haske da ƙarfin abubuwa. A 1956 ya ci jarrabawar agregasiyon, wadda ko 'ya'yan Faransa ba kowa ke tsallake ta ba. A 1967 ya samu babban digirin dokta.

Mai irin wannan takarda zai iya zamansa a Turai ya ci albashi mai tsoka. Shi sai ya dawo. Da Gine ta ƙi bin Faransa a 1958, Turawa suka kwashe ma'aikatansu, yana cikin 'yan Afirkan da suka je Konakiri don kada azuzuwa su zauna babu malami. Bayan haka ya tafi Tarayyar Sobiyet ya ƙware kan makamashin rana. A 1964 ya fitar da littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya nuna cewa makarantar 'yan mulkin mallaka an gina ta ne don samar da masu yi wa Bature hidima. Ya nemi a koyar da yara da harsunansu, a kuma haɗa karatu da aikin da ƙasa ke bukata.

Bai bar zancen cikin littafi ba. A Bamako ya jagoranci ɗakin binciken makamashin rana daga 1964 zuwa 1969. A 1969 ya dawo Yamai ya riƙe ma'aikatar ONERSOL har zuwa 1985. Lissafinsa mai sauƙi ne: ƙasarmu ba ta da teku, a lokacin man fetur daga nesa ake kawo shi da tsada, itacen girki yana ƙarewa, hamada tana matsowa, amma rana tana nan kyauta kowace safiya. Shi da injiniyoyi da maƙeran ma'aikatar suka ƙera tukunyar ɗumama ruwa da zafin rana, da murhu mai madubi wanda ke tara haske wuri guda a ƙarƙashin tukunya, da na'urar tace ruwa, da ta busar da kayan gona. Sun kuma yi aiki kan injin da zafin rana ke juyawa, da nufin jawo ruwa. A Yamai ake zana su, a Yamai ake ƙera su.

Daga 1979 ya shugabanci jami'ar Yamai na wasu shekaru, yana kuma koyar da fizik. Abin da ya ɗora ɗalibai a kai shi ne lissafin allo ya sauka cikin bita, a auna, a yanka ƙarfe, a gwada, in ya ƙi a sake. Ta haka ɗalibi ke zama injiniyan da zai dubi rijiyar ƙauye ko albasar da ke ruɓewa bayan girbi ya san ta inda zai kama.

Gaskiya ba ta ƙin faɗi: kayan ONERSOL ba su shiga kowane gida ba. Kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka, murhun rana kuma ba ya dafa tuwon dare, ga shi kuɗin bincike ya ja baya bayan da farashin yuraniyom ya faɗi a shekarun 1980. Injiniya yana iya ƙera abu mai kyau, amma in babu jari da kasuwa da goyon bayan hukuma, a ɗakin gwaji zai tsufa.

Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 7 ga watan Afrilu na 1991. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa.

Lokaci ya gaskata shi. A 2018 aka buɗe tashar lantarki ta rana a Malbaza mai megawat 7, a 2023 kuma ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30. A wannan shekarar ne Najeriya ta yanke wutar da take sayar mana, kowa ya ɗanɗana abin da dogaro da wutar maƙwabci ke jawowa. Yau a ƙauyukanmu da fanon sola ake cajin salula, da shi famfo ke ba garka ruwa. Amma kusan duk kayan daga waje suke zuwa, in sun lalace sau da yawa sai an nemo mai gyara daga birni.

Don haka iyaye, in yaro ko yarinya na da kan lissafi, a bar su su yi nisa. Ku kuma 'yan uwa na Kano da Kwatano da Abijan da Turai, in za ku aiko da fano gida, ku tuna da kuɗin karatun ƙanen da zai iya haɗa shi ya gyara shi.

Allah ya jiƙan Malam Abdou Moumouni, ya sa aljanna ce makomarsa. Amin.