Edward Flanagan, limamin da ƙasarsa ta ƙi saurara

An haifi Edward Joseph Flanagan a ranar 13 ga Yulin 1886 a gundumar Roscommon ta ƙasar Ailan. Ya koma Amurka a 1904, aka naɗa shi limamin cocin Katolika a 1912. A Disambar 1917 ya kama hayar gida a birnin Omaha na jihar Nebraska domin yara maza marasa galihu, sannan a 1921 ya mayar da su wata gona a bayan gari, wadda ta zama Boys Town. Bai kange wurin da katanga ba, bai tambayi yaro addininsa ko launin fatarsa ba, kuma yaran ne ke zaɓen magajin garinsu.

Fim ɗin da aka yi a kansa a 1938 ya sa sunansa ya zagaya duniya, don haka da ya ziyarci Ailan a 1946 tarbar gwarzo aka yi masa. Tarbar ba ta daɗe ba. Ya duba makarantun horo da ƙungiyoyin coci ke gudanarwa da kuɗin gwamnati, inda kotuna ke tura marayu da 'ya'yan matalauta, ya fito bainar jama'a ya yi tir da duka da wulaƙancin da ake yi musu. Ministan shari'a Gerald Boland ya yi watsi da zargin a majalisa. Abin takaicin shi ne gwamnati ta zaɓi kare martabar makarantun maimakon ta buɗe ƙofofinsu a bincika. Flanagan ya yi niyyar komawa, amma ya rasu a Balin ranar 15 ga Mayun 1948, yana kan aikin duba halin yaran da yaƙi ya ɗaiɗaita.

Duka ya gani ya kuma faɗa. Abin da ke ɓoye ya fi haka muni. Rahoton hukumar mai shari'a Seán Ryan na 2009 ya tabbatar da cewa lalata da yara ta zama ruwan dare a makarantun maza. Idan asirin mai laifi ya tonu, sau da yawa sai shugabanninsa su sauya masa makaranta ba tare da sanar da 'yan sanda ba, yaron da ya kai ƙara kuma a ƙaryata shi ko a hukunta shi. Ma'aikatar ilimi, wadda duba makarantun ke wuyanta, ta riƙa sunkuyar da kai ga masu gudanar da su. Shekara 63 ke tsakanin ziyarar Flanagan da fitowar rahoton.