Pierre Fauchard

Pierre Fauchard (1679 – 1761) likitan haƙori ne ɗan ƙasar Faransa, wanda ake yi wa laƙabi da uban likitancin haƙori na zamani. An fi saninsa da littafinsa Le Chirurgien Dentiste, wato likitan fiɗa na haƙori, wanda ya fito a 1728. Ban da hanyoyin magani da ya bayyana a ciki, ya tona asirin 'yan damfara masu cire haƙori a kasuwanni, ya kuma nemi a riƙa gwada ilimin mutum sosai kafin a bar shi ya taɓa bakin jama'a.

Farkon rayuwa

An haifi Fauchard a garin Saint-Denis-de-Gastines da ke arewa maso yammacin Faransa. Yana da kimanin shekara 15 ya shiga rundunar sojan ruwa ta ƙasarsa, inda ya yi aiki a ƙarƙashin wani babban likitan fiɗa mai suna Alexandre Poteleret. A zamanin, ma'aikatan jirgin ruwa kan yi watanni a teku ba su ci ɗanyen ganye ko 'ya'yan itace ba, sai dasashinsu ya kumbura ya riƙa zubar da jini, haƙora su yi ta girgiɗi har su zube. Ganin wannan cuta kullum ne ya ja hankalinsa zuwa ga cututtukan baki.

Bayan ya bar soja ya zauna a birnin Angers, ya kuma yi aiki a Nantes da Rennes da Tours. Wajen 1718 ya koma Faris, sunansa ya riga ya yi nisa.

Yadda ya tarar da sana'ar

A Faransa ta wancan lokaci, likitoci masu digiri suna ganin aikin haƙori ƙasƙanci ne a gare su. Saboda haka ya faɗa hannun wanzamai da masu yawo gari-gari suna tallar magani. Fauchard ya koka cewa har maƙeran wuƙaƙe sun shiga cire haƙori, don kawai su ne ke ƙera kayan aikin. A gadar Pont-Neuf ta Faris masu cire haƙori kan kafa dandamali da kiɗa da tufafi masu ƙyalli don tara jama'a. Mafi shahara a cikinsu shi ne wanda ake kira Grand Thomas. Ƙaryar masu wannan sana'a ta yi yawa har Faransawa suka riƙa kwatanta gawurtaccen maƙaryaci da mai cire haƙori, kuma maganar tana nan a harshensu har yau.

Tona asirin 'yan damfara

Fauchard ya bayyana dabarar da aka fi yaudarar mutane da ita dalla-dalla. Ɗan damfara yakan biya wani tun kafin a taru, ya sa shi ya saje da 'yan kallo. Idan an nemi mai ciwon haƙori, sai wannan abokin cin mushen ya fito yana riƙe da kunci. Shi kuwa mai maganin ya riga ya ɓoye wani haƙori a hannunsa, naɗe cikin siririn tantani tare da jinin kaza ko na wata dabba. Yana sa hannu a bakin mutumin sai ya ajiye ƙunshin a ciki, ya ɗan taɓa haƙorin da garin magani ko da tsinken kara ko bakin takobi, wani lokaci ya kaɗa ƙararrawa. Nan take mutumin ya tofar da haƙori da jini, ya shaida wa jama'a cewa bai ji zafi ko kaɗan ba. Daga nan sai a shiga sayen garin maganin.

Ya kuma nuna inda ake gane su. Idan mai ciwo na gaskiya ya fito, sai mai maganin ya shiga kawo uzuri: ko ya ce kumburin ya yi yawa a jira kwana biyu, ko ya ce wannan haƙorin yana haɗe da ido, cire shi zai jawo makanta. Fauchard ya ce babu wata jijiya da za ta sa cire fiƙa ya makantar da mutum.

Wata damfarar ita ce ta farar da haƙori. Wasu suna shafa ruwan asid mai ƙarfi, haƙori ya yi fari fat a gaban mai shi, a karɓi kuɗi a wuce. Bayan wani lokaci sai a ga asid ɗin ya cinye ɓawon haƙorin mai ƙarfi, wanda ba ya sake tsirowa.

Haka kuma ya yi shakkar tsohon zancen nan cewa tsutsa ce ke huda haƙori, zancen da ake ji har yau a ƙasashe da dama, har da ƙasar Hausa, kuma masu tallar magani suna cin abinci da shi. Fauchard ya duba ruɓaɓɓun haƙora da madubin ƙara girman abu sau da yawa bai ga tsutsa ba. Ya danganta ruɓewar haƙori da yawan shan sukari da kayan zaƙi, ya shawarci mutane su rage su, su kuma riƙa wanke baki kowace safiya.

Littafinsa

Ya kammala rubutun a 1723, amma ya shafe shekara biyar yana gyara shi da nuna wa wasu likitoci kafin a buga shi cikin juzu'i biyu a 1728. Kafin shi, masu sana'ar kan ɓoye abin da suka sani don kada a ƙwace musu kasuwa, kuma wannan ɓoyon ne ke ba maƙaryata mafaka, tunda ba wanda zai iya auna maganarsu. Fauchard ya zana kayan aikinsa, ya rubuta labarin marasa lafiyar da ya duba da abin da ya yi musu.

A ciki ya yi bayanin cike ramin haƙori da dalma ko kuza ko zinariya, da yin haƙoran roƙo da ƙashi ko hauren giwa ko na dorina, da daidaita karkatattun haƙora da wani lanƙwasasshen ƙarfe na azurfa ko zinariya da ake ɗaurewa da zare. Ya ce a zaunar da majiyyaci a kujera mai madogara maimakon ƙasa. Ba duk shawarwarinsa ne suka tsaya ba: ya yaba kurkure baki da fitsari, abin da likitoci suka yi watsi da shi daga baya.

An fassara littafin zuwa Jamusanci a 1733. Bugu na biyu ya fito a 1746 da ƙarin bayani kan cutar dasashi mai kwance haƙora, wadda aka daɗe ana kiranta da sunansa. Sai a 1946 aka same shi da Turanci, fassarar Lilian Lindsay, mace ta farko da ta sami shaidar likitancin haƙori a Birtaniya.

Jarrabawa da lasisi

Tun 1699 dokar Sarki Louis na 14 ta wajabta wa masu aikin haƙori a Faris su ci jarrabawa a gaban likitocin fiɗa. Fauchard ya ga dokar ba ta wadatar ba, domin masu jarrabawar ba su san haƙori sosai ba. Ya nemi a sa ƙwararren likitan haƙori a cikinsu. Wannan tsari na gwaji da rajista shi ne ƙasashe suka bi daga baya. A Najeriya, wata doka ta 1963 ce ta kafa majalisar da ke yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista, kuma laifi ne mutum ya kira kansa likitan haƙori ba ya cikin rajistarta.

Ƙarshen rayuwa

Fauchard ya yi arziki da sana'arsa, har a 1734 ya sayi katafaren gidan Grand-Mesnil a kudu maso yammacin Faris. Ɗansa Jean-Baptiste ya karanta shari'a, daga baya ya shahara a wasan kwaikwayo da sunan Grandmesnil. Fauchard ya rasu a Faris a watan Maris na 1761. A 1936 wani likitan haƙori ɗan Amurka, Elmer Best, ya kafa ƙungiyar karrama likitocin haƙori ta duniya mai ɗauke da sunan Fauchard, kuma tana aiki har yanzu.