David Olyphant, Attajirin da Ya Ƙi Cinikin Ofiyom

An haifi David Washington Cincinnatus Olyphant a garin Newport na Amurka a shekara ta 1789, shekara biyar bayan jirgin ruwan Amurka na farko, Empress of China, ya isa Kanton a ƙasar Sin. Ya koyi kasuwanci a New York, kuma a 1820 aka tura shi Kanton a matsayin wakilin attajiri Thomas H. Smith. Da kasuwar Smith ta karye, sai ya kafa nasa kamfani, Olyphant & Co., a 1828.

Abin da ke kai Amurkawa Kanton shi ne ganyen shayi da siliki da kwanonin tangaran. Matsalar ita ce Sinawa ba su cika bukatar kayan baƙi ba, azurfa suke so, ita kuwa tana da wuyar samu. Sai fatake suka koma ga ofiyom, ƙwaya mai sa maye wadda sarkin Sin ya haramta. Turawan Ingila na kawo ta daga Indiya, Amurkawa kuma daga Turkiyya, manyan kamfanoni irin su Russell & Co. suka yi arziki da ita.

Olyphant ya ƙi taɓa ta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda ba ya ɗauke da ofiyom dole ya nemo azurfa ko wata haja mai ƙarancin riba, abokan gasarsa kuwa suna sayen shayi da kuɗin da bai wahalar da su ba. Suka riƙa yi wa gidansa ba'a da laƙabin Kusurwar Sihiyona. A 1839, sa'ad da Kwamishina Lin Zexu ya ƙwace akwatuna fiye da 20,000 na ofiyom ya lalatar, kamfanin Olyphant ba shi da ko guda da zai miƙa.

Abotarsa da Robert Morrison, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Sinanci, ita ta jawo shi ga aikin bishara. Jirginsa ne ya kai Elijah Bridgman da David Abeel Kanton kyauta a 1830, su ne 'yan mishan na farko daga Amurka. Haka kuma likita Peter Parker a 1834, wanda ya buɗe asibitin ido a shekarar da ta biyo. Ba kowane yunƙuri ne ya yi albarka ba: a 1837 jirgin kamfanin mai suna Morrison ya tafi Japan don mai da wasu matuƙan Japan da teku ta jefar, aka kore shi da igwa.

Rashin lafiya ya sa ya kama hanyar gida, amma bai kai ba. Ya rasu a Alƙahira ta Masar a watan Yuni na 1851. Kamfanin ya ci gaba har 1878.