Hans Gamper, baƙon ɗan kasuwar da ya kafa Barsa

A filinmu na tarihin mazan jiya yau za mu leƙa ƙasar Suwis ta Turai, mu kawo muku labarin wani ɗan tamaula kuma ɗan kasuwa mai suna Hans Gamper. Wataƙila ba ku taɓa jin sunan ba, amma duk mai saida tufafi a babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram ya san rigar nan mai ratsin shuɗi da ja ta Barsa, wadda samari ke rububi. To wannan mutum shi ne ya kafa ƙungiyar.

An haifi Gamper ranar 22 ga watan Nuwamba na shekara ta 1877 a garin Winterthur. Yana da shekara 8 tarin fuka ya kashe mahaifiyarsa, daga baya iyalin suka zauna a birnin Zurik. Tun yana yaro ba wasan da ba ya taɓawa: gudu, tseren keke, da ƙwallon ƙafa wanda Ingilishi suka shigo da shi ƙasar. Ya buga wa ƙungiyar Excelsior, ya ɗan taka wa Basel, kuma a 1896 yana cikin waɗanda suka kafa FC Zurik, shi ne ma kyaftin ɗinta na farko. Bai taɓa sa rigar ƙasarsa ba, domin sai a 1905 Suwis ta yi karawarta ta farko da wata ƙasa, lokacin kuwa ya riga ya aje takalmi.

Neman abinci ne ya fitar da shi gida. A 1897 aiki ya kai shi Liyon ta Faransa. Daga nan ya yi niyyar zuwa Afirka, tsibirin Fernando Po da ake kira Bioko yanzu, kusa da gaɓar Kamaru, domin harkar fatauci. A kan hanya ya yada zango a Barsalona ta ƙasar Espanya wajen wani kawunsa. Garin ya kwanta masa a rai, sai ya kwance kaya. Ya samu aikin lissafin kuɗi, ya koyi harshen mutanen yankin, wato Katalan, har suka maida sunansa Joan.

Abu guda ya rasa a garin: abokan buga ƙwallo. Ranar 22 ga Oktoba 1899 ya sa ƴar sanarwa a wata jarida mai suna Los Deportes, yana neman masu sha'awar wasan. Ranar 29 ga Nuwamba shi da wasu mutum 11, ƴan Suwis da Ingilishi da ƴan gari, suka haɗu a wani ɗakin motsa jiki suka kafa FC Barsalona. An ba Walter Wild shugabanci, shi kuma Gamper ya riƙe kyaftin. Daga 1899 zuwa 1903 ya zura ƙwallo fiye da 100, ya kuma ci kofin farko na ƙungiyar, Kofin Macaya, a 1902. Bayan haka ya koma kan kasuwancinsa na kayan ƙetare irin su sukari da kafe, Allah kuma ya sa masa albarka.

A 1908 ƙungiyar ta kusa rushewa. Mambobi 38 kawai suka rage, asusu ya bushe, ana shawarar a watse. Gamper ya miƙe ya karɓi shugabanci, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana maido su. Duk wadda ta taɓa riƙe adashi ta san wahalar tara mutanen da suka riga suka yanke ƙauna. A 1909 ya samar wa ƙungiyar filinta na kanta. Sau biyar yana shugabanci tsakanin 1908 da 1925. A zamaninsa aka ɗauko Paulino Alcántara a 1912, aka naɗa Jack Greenwell mai horarwa a 1917, aka buɗe babban filin Les Corts a 1922, mambobi kuma suka haura dubu 10.

Siyasa ce ta raba shi da abin da ya gina. A lokacin Janar Primo de Rivera ke mulkin soja a Espanya, ya kuma matsa wa ƴan yankin Kataloniya. Ranar 14 ga Yuni 1925, a filin Les Corts, ƴan kallo suka yi wa taken Espanya ihu, suka tafa wa taken Ingila da wasu sojojin ruwa baƙi suka busa. Gwamnati ta yanke wa ƙungiyar hukuncin rufewa na wata shida, ta ɗora laifin kan shugabanta baƙo, aka tilasta masa barin ƙasar. Da aka bar shi ya dawo, sharaɗin shi ne kada ya ƙara sa hannu cikin al'amuran Barsa.

Sai kuma ga karayar arziki. A 1929 kasuwar hannun jari ta New York a Amurka ta faɗi, ta tafi da dukiyar mutane da yawa a duniya, ciki har da ta Gamper. Ga rashin jari, ga an raba shi da ƙungiyarsa, baƙin ciki ya yi masa yawa. Ranar 30 ga Yuli 1930 ya kashe kansa a Barsalona, yana da shekara 52. Dubban mutane suka fito rakiyar gawarsa, aka rufe shi a maƙabartar Montjuïc.

Ko bayan mutuwarsa ba a bar shi ya huta ba: da aka gina filin Camp Nou a 1957, gwamnatin Janar Franko ba ta yarda a sa masa sunansa ba. Sai a 1966 ƙungiyar ta ƙirƙiro Kofin Joan Gamper, a 2006 kuma ta buɗe sansanin horar da ƴan wasanta da sunansa.

Ƴan uwa ƴan kasuwa, riba da faɗuwa tagwaye ne, kowa ya san wannan. Abin da muke so mu ja hankalinku a kai shi ne halin wanda ya faɗi. Mutumin da ya ceto ƙungiya mai mamba 38 ya kasa fita daga ramin da shi ya faɗa. Idan maƙwabcin rumfarku ya karye, ya daina fitowa, ya daina magana, ku je ku same shi tun yana da rai. Allah ya kare mu daga karayar arziki, ya ba mu haƙurin ɗaukar ta in ta zo.