Waliyyi Augustine, Bishop na Hippo

Kowace ranar 28 ga Agusta, sa'ad da gero ke fitar da kai a gonakinmu na 'Yankuzo da kewaye, Ikklisiya takan tuna da wani ɗan Afirka wanda ya daɗe yana guje wa Allah.

An haifi Augustine a shekara ta 354 a Tagaste, cikin ƙasar Aljeriya ta yau. Mahaifiyarsa Monika Kirista ce, mahaifinsa kuwa sai dab da mutuwa ya karɓi baftisma. Yaron ya tashi da kaifin basira, ya yi karatu a Kartaj, ya zauna da mace ba aure har suka haifi ɗa, ya kuma shafe shekara tara cikin ɗariƙar Mani yana neman gaskiyar da hankali kaɗai zai kamo. Monika dai ba ta fasa kuka da addu'a ba. Iyayen da 'ya'yansu suka daina zuwa Mass sun san irin wannan kuka.

A birnin Milan ya riƙa sauraron wa'azin Bishop Ambrose, da fari don daɗin lafazinsa kawai. Sannu a hankali ya gane gaskiya, amma ya kasa rabuwa da halinsa na dā. A shekara ta 386, yana cikin wani lambu, ya buɗe wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Romawa sura 13, zuciyarsa ta sallama. Ambrose ya yi masa baftisma daren Ista na 387. Ya koma Afirka, ya zama firist a Hippo a 391, bayan 'yan shekaru ya zama bishop.

Da farko ya ɗauka mutum ne ke fara ba da gaskiya da ikon kansa, sa'an nan Allah ya taimaka. Da ya zurfafa cikin wasiƙun Bulus sai ya janye wannan ra'ayi, ya koyar cewa bangaskiyar ma kanta kyauta ce. Shi ya sa ya ja da Pelagius, wanda ya ɗora nauyin ceto a kan ƙoƙarin mutum. Majalisar Kartaj ta 418 ta ƙi koyarwar Pelagius. Amma kada wani ya fake da wannan ya naɗe hannu. Augustine ɗin nan ne ya rubuta littafi a kan bangaskiya da ayyuka, ya tsawata wa masu son a yi wa mutane baftisma ba tare da sun bar mugun hali ba, domin bangaskiyar da ke ceto ita ce mai aiki ta wurin ƙauna.

A shekara ta 430 mayaƙan Vandal suka kewaye Hippo, shi kuma zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya sa aka rubuta zaburan tuba na Dawuda aka rataya a bango daura da gadonsa, ya yi ta karantawa yana hawaye har ya cika, yana da shekara 75.